Gamanar Rabi ta cika da ciyawa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki da zafin Arlit? Mu nan Urafane lafiya, jikin Inna kuwa yana nan yadda ka bar shi.

Kwanana tara da dawowa daga lakkwal, an ba mu hutun makaranta. Matarka Rabi ke juya Inna, ta yi mata wanka, ga yara uku. Jiya na leƙa gamanarta, ƴar gonar wakenta. Ciyawa ta kai mini gwiwa. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Ɗan lakkwal, ba waken nake kewa ba. Can kaɗai ne ba mai kiran sunana."

Na karɓi jinyar la'asar, amma wankan Inna sai mace. Don Allah ka roƙi Yaya Habsu ta zo kafin noma ya wuce.

Ka sa mu a addu'a, musamman Rabi. Gaida Kawu.

Ƙanenka,
Lawali