Teburin Saturnina a Bakin Waya

Zuwa ga 'yata Griselda,

Bayan gaisuwa, da fatan ku da yaran kuna lafiya a Salta. Ni dai ina nan, ban mutu ba, abin da bai yi wa gwamnati daɗi ba.

Sun ja waya mai ƙaya a kan iyaka. Gidanmu ya faɗa Ajantina, maƙabarta ta faɗa Bolibiya, har da uwarki Saturnina. Rabin rayuwata na yi ina koya wa yara cewa layin taswira na digiri ashirin da biyu kudu ya ratsa teku, ya bi ta hamadar Namibiya da ta Ostireliya ba tare da ya tsinka ko zare ɗaya ba. Sai da ya iso bayan garken lamominmu, ƙananan raƙuman nan marasa tozo, aka saya masa ƙaya.

Na ce wa sajen da ke gadin wayar, "Kai, na koyar da ubanka, shi ma bai gane taswira ba." Ya ce, "Malam, ka bi ta ƙofar kan iyaka kamar kowa." Tafiyar yini ce, zuwa kabarin da nake hangowa daga tagata.

Ki gai da mijinki, in ya damu.

Mahaifinki, Anacleto

*

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Maƙwabciyarka Eduviges ta kira ni, ta ce har ka sa almakashi a wayar nan. Baba, don Allah! Da wannan tarin naka za ka kwana a sel? Ana ba da izinin tono gawa. Mu ɗauko Mama mu binne ta a nan, kai ma ka dawo wurinmu. Ɗaki na nan.

Ka sha maganinka.

'Yarka, Griselda

*

Griselda,

Ina amsawa. Wannan takarda daga ofishin 'yan sanda take, kada ki firgita, shayinsu ne kawai babu kyau.

Birni ya mantar da ke ne? Ran ɗaya ga Nuwamba da tsakar rana matattu ke dawowa gida cin abinci. Uwarki hanya guda ta sani, daga kabarinta zuwa ƙofarmu, ta gefen rijiya. Macen da ko tsallake kwata ba ta iyawa saboda gwiwa, ita za ta haura ƙaya? Gurbi na buɗe mata, faɗin mutum ɗaya. Suka ɗinke, na sake buɗewa.

Yanzu sun ce in sa hannu ba zan ƙara kusantar wayar ba, su sake ni. Sajen har da lallashi: "Malam, matattu ai ba sa buƙatar ƙofa." Na ce, "Ka taɓa mutuwa ne?"

Ban sa ba. Abin da ke cin raina shi ne bana za ta zo ta tarar ba tebur, ba gurasa, ba kowa. Ba za a tone ta ba muddin ina numfashi.

Allah ya yi miki albarka duk da haka.

Anacleto

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na iso gidanmu, na karɓi makulli wurin Eduviges. Ni da ita mun gasa gurasa mai siffar tsani, na dafa miyar gyaɗar da Mama ke so. Tunda ba za ta iya shigowa ba, mun cusa teburin ta ƙarƙashin waya, ƙafa biyu a kowace ƙasa. Sajen ya zo da faɗa, na ce ya kama rabin da ke ɓangarensa. Kafin azahar maƙwabta ma sun kawo wa matattunsu, tebura sun jeru har gangare.

Kada ka sa hannu.

Griselda