Katantanwar Kawu Ta Ruguje

Daren Laraba, Kaoje

Yau kam na ci Kawu da yaƙi! Hannuna har yanzu ƙanshin lemun tsami yake.

Tun bara nake roƙonsa, shi da masunta ke jin maganarsa, ya hana zuba leda a gulbi. Kullum amsa ɗaya: "Ɗiyata, ruwa shi ka wanke kansa." Shekaranjiya na ba shi labarin da nake koya wa ɗalibaina. Can ƙarshen duniya, inda teku ke daskarewa, akwai 'yan katantanwa masu iyo. Hayaƙin da tekun ke sha ya sa shi tsami, yana cin ɓawonsu, ɓarɓashin leda kuma ya ƙara musu wahala. Ya yi dariya har da buga cinya, wai ruwa bai cin katantanwa, shi da ya girma yana murza ta a wasa.

Sai na jefa katantanwa guda cikin kofin ruwan lemun tsami, na bar masa.

Yau da la'asar, a bakin gulbi, ya tsamo ta daga kofin gaban mutane don ya kunyata ni. Yana matsawa ta ruguje a yatsunsa.

Na faɗa masa gaskiya, tsamin teku bai kai wannan ba. Bai ko kalle ni ba. Ya shiga ruwa da rigarsa ta masallaci, ya tsinto leda, ya ce, "Wanda ya ƙara jefawa, shi da ni ne."

Allah sa kada ya manta. Ko ya manta, ni dai na ga rigar nan a jiƙe.