An Wanke Sunan Innarka

Zuwa ga ɗana Abdurrazak a Abijan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, Ya yi wa nemanka albarka. Mu nan lafiya lau, gero ya shiga rumbu. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun ɗan makarantar yamma ne.

Ka san tun ranar da 'yan bindiga suka kore shanun garinmu a gaban ɗiyarka Bushira, ƙafafunta suka mutu, kai na sara, abinci ba ya zama. Likitan Madawa ya auna jini bai ga komai ba. Abin da na ɓoye maka shi ne, maƙwabcinmu Illa ya ce innarka Sauda ce ta kama kurwar jikarta, wai kakannin Sauda ba su yi salla ba. Mutanen gari suka fito da ita tsakar rana, suka sa ta tsallake yarinyar sau uku gaban jama'a. Tun ranar ba wanda ya ƙara sayen furarta.

To, bara wasu masu bincike sun bi ƙauyuka daga Buza har Keita, gida gida, suna tambayar mutane abin da suka gani da inda ke musu ciwo. Jiya suka dawo da sakamako a takarda. Likitar cikinsu ta ce sun tarar da irin wannan ciwo barkatai a garuruwan da aka kai wa hari, har inda Sauda ba ta taɓa takawa ba. Ta ce tsoro kan zauna a jiki ya zama ciwo na gaske, kuma ana jinyarsa. Ni na karanta takardar da ƙarfi a ƙofar mai gari. Da na gama na tambayi Illa, tasa matar da ta kwanta tun ranar harin, wa ya kama tata kurwar. Bai ɗaga kai ba.

Liman ya ce in yafe. Ban yafe ba. Ka zo da Salla ka tsaya kusa da ni, don sai Illa ya durƙusa inda ya tsayar da innarka, gaban mutanen da suka kalla, ya ce ƙarya ya yi.

Bushira na gaishe ka. Yau ta sha fura daga hannun kakarta, ni kuwa na bar ƙofar gida a buɗe don a gani. Ka gai da Gado da Fiddausiya.

Mahaifinka,
Mahfuzu