Ƙullin Daddawar Inna

Jarwal, Makka.
Ranar Asabar.

Zuwa ga Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargidanka Nasiha da yara. Yaya jikin Inna? Ƙafar tana barinta ta runtsa kuwa? A gaishe ta, a ce mata na yi Umarata lafiya, na kuma ambaci sunanta a gaban Ɗaki har muryata ta dushe.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Rubutawa na yi na ɗauki hotonta na turo maka, domin na san halinka a waya. Kafin mutum ya kai rabin magana ka yanke hukunci ka kashe. Wannan kuwa dole ka karanta ta har ƙasa.

Garin nan ba Makkar da ka ba mu labari ba ce, Yaya. Motocin haya dogaye ne, cikinsu sanyi ƙalau kamar ruwan randa, ba kwandasta, ba mai ihun saura mutum ɗaya. Kati ake dangwalawa a jikin wata na'ura, ƙofa ta buɗe da kanta. Ranar farko da na ga za a wuce da ni na yi ta bubbuga jikin motar yadda muke yi a tashar Ringim, direba ya dube ni ta madubi, bai ko rage gudu ba. Ashe ba ya tsayawa sai inda aka yi masa alama, ko uwarsa ce a ciki.

Kantuna kam ba a magana. Carbi, darduma, turare, abaya, ga dabino tsibi-tsibi. Masu kantin, Balarabe da ɗan Bangaladash, kowa ya haddace Hausar ciniki, sai kiran Hajiya suke suna rantse mini da araha. Na juya bayan wata darduma na ga daga Sin ta zo, irin ta Kantin Kwari sak, na ajiye musu abarsu. Abinci kuma shinkafa da kaza, in an gaji a kawo kaza da shinkafa. Da safe akwai wani faffaɗan burodi mai zafi da ake kira tamis, ana dangwala shi a dafaffen wake da mai, shi kam ya shiga raina. Amma ba yaji, Yaya. Mutanen nan suna da komai ban da yaji.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. A filin jirgi ka ja ni gefe ka ce kada in kuskura in nemi ƙanwarmu Mariama, tunda ta zaɓi zama a nan ba takarda bayan rasuwar mijinta, ta sa ana cewa 'yar gidanmu tana bara a Makka. Na ce to, saboda idon mutane. Abin da ba ka sani ba shi ne, ana gobe zan taho Inna ta kira ni ɗakinta ta ciro ƙulli daga ƙarƙashin gado. Daddawa ce da ta yi da hannayen nan nata masu rawa, da kuka, da yaji. Ta ce in sa shi a hannun Mariama, ba a hannun wani ba. Ƙullin yana cikin jakata. Abokan ɗakina sun feshe ɗakin da turare har sun gaji, ɗaya ma ta daina gaishe ni.

To ɗin da na ce maka na fatar baki ne, wanda na ce wa Inna kuwa alkawari ne. Zan neme ta.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi.

Jarwal, Makka.
Ranar Litinin.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, da Inna da kowa. Ni lafiya ƙalau, sai ƙafa da ta ɗan kumbura.

Na saurari saƙon muryarka har ƙarshe, har da wurin da ka ce za ka sa jagoran tawagarmu ya tsare ni a masauki. Ya zo kuwa, bawan Allah, yana sosa ƙeya, yana ba ni labarin askarawa da yadda suke kwashe marasa takarda, wai kada a haɗa da ni. Na nuna masa tawa takardar a rataye a wuyana, na kuma tuna masa cewa na yaye wanda ya girme shi. Ya ba ni hanya.

Nakkasa ce wurin da muka ji labarinta na ƙarshe, can na nufa. Mai tasi ya sauke ni a gindin dutse, ya nuna sama da haɓa, ya ja motarsa. Yaya, an rushe yawancin unguwar. Matattakala na nan tana hawa dutse, amma in ka bi ta ba ta kai ka ƙofar kowa, sai tarin bulo da motocin rusau. Na tsaya cikin rana da ƙullin Inna a hannu na yi kuka sosai, ba zan ɓoye maka ba. Tunanina shi ne me zan koma in ce wa tsohuwa.

A dawowa bas na hau. Sanyin motar bai hana daddawa yin aikinta ba. Na kusa da ni suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya suna toshe hanci da gefen mayafi, ni kuwa na gyara zama na miƙe ƙafa, ban taɓa samun fili a mota haka ba. Sai wata mata cikin baƙar abaya ta taso daga baya ta zauna a gefena, ta yi mini sannu da Hausa. Sunanta Manar, a nan aka haife ta, a kantin magani take aiki. Kakanninta daga Katsina suka zo. Hausarta rabi Larabci ce, sai na kasa kunne sosai nake kama zaren. Ta ce tun rasuwar kakarta rabonta da wannan ƙamshi. Ka ji, Yaya, ƙamshi ta ce.

Da na ba ta labari ta ce mutanen Nakkasa sun watse, amma da yawa sun koma wajen Ka'akiyya inda haya ke da sauƙi. Ta ce in tambayi masu tsire, domin ba Bahaushen da ba su sani ba. Wai Larabawa ma layi suke bi a kan tsiren namu, suna ce masa siriya. Ta sauka tare da ni ba a tasharta ba, ta saya mini madara mai sanyi, ta nuna mini motar da zan hau gobe. Baƙuwa ke nan da ba ta san Mariama ba. Kai da kuka sha nono ɗaya, sai ka duba.

In za ka sake turo murya, ka turo da labarin Inna a ciki.

Taka,
Ummulkhairi.

Ka'akiyya, Makka.
Ranar Laraba.

Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da mutanen gida, da fatan kowa yana lafiya. Dubi inda na rubuta a saman takardar nan. A ɗakin Mariama nake.

Ba da sauƙi na same ta ba. Mai tsiren da na fara tambaya, wani dattijo mutumin Maraɗi mai suna Kabo, ya ce bai taɓa jin sunan ba, yana magana yana kallon wuƙarsa. A nan ba a nuna gidan mutum ga baƙon ido, kowa tsoron ɗan rahoto yake. Na sayi tsire na zauna a bencinsa na ci, na ƙara saya na ci. Da na ga ba shi da niyyar nuna mini, na kwance bakin ƙullin na tura masa. Ya leƙa, ya yi dariya, ya ce ɗan rahoto ba ya yawo da daddawa. Ya nuna mini wani lungu da ƙofar ƙarfe.

Na tarar da ita a gaban tanda tana juya masa. Ba bara take yi ba, Yaya, kuma ba ta taɓa yi ba. Masa take soyawa ana kai wa gidaje da masu shayi, hannayenta duk tabon mai. Ta yi furfura, tana ɗingisa ƙafar hagu irin ta Inna. Mun daɗe a rungume, har masar da ke kan wuta ta ƙone.

Da na miƙa mata ƙullin ta zauna a ƙasa ta kwance. Ana sayar da daddawa a unguwar nan, ba rasa ta ta yi ba. Amma ka san yadda Inna take danna kowace ɗaya da babban yatsa kafin ta shanya. Mariama ta ɗauki guda, ta sa nata yatsan a gurbin. Ni na tashi na sauke tandar. Daga baya ta tuƙa tuwon shinkafa ta kaɗa miyar kuka, kuma tun da na sauka ƙasar nan sai jiya na san na ci abinci.

Na yi mata maganar komawa gida. Ta ce mijinta a nan yake kwance, kuma in ta miƙa kanta ga hukuma aka mayar da ita, ba za ta ƙara ganin garin nan ba. Ban ce tana da gaskiya ba, na ma faɗa mata haka a gabanta. Amma 'yar Inna ce, kuma ta gaya mini ta taɓa kiran wayarka, kana jin muryarta ka kashe.

Ga abin da za a yi. Ranar Juma'a, in kun sauko daga masallaci, zan kira ka kiran bidiyo. Ka ɗauka ka kai wa Inna ɗakinta. In ka ƙi zan kira Nasiha, in ka hana ta zan kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har da mai shagon bakin layi, kowa ya san abin da ake ciki. Ka san ni.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi.

Jarwal, Makka.
Ranar Asabar.

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan Inna ta kwana lafiya bayan abin jiya. Muna ɗaure kaya, jibi jirginmu zai tashi in Allah ya so.

Wayar ta daɗe tana ƙara, har na fara neman lambar Nasiha, sai ka ɗauka. Ba ka yi sallama ba. Mun ga rufin zaure, mun ga tsakar gida, mun ji takalminka yana jan ƙasa har ƙofar Inna.

Na ɗauka tsohuwa kuka za ta yi. Ina! Ta ƙura wa wayar ido, ta ce wa Mariama ta rame, sannan ta ce ta baza daddawar a rana domin ba ta gama bushewa ba aka ƙulle ta. Mariama tana cewa to, Inna, to, Inna, hawaye na zuba a kan zanenta. Sun yi hira har cajin wayata ya kusa ƙarewa, kuma duk tsawon lokacin kai ne a durƙushe kana riƙe da taka wayar a gaban fuskar Inna.

Hoton ya yi ta rawa. Kada ka ce mini sabis ne, na san sabis ɗin Ringim, tsayawa yake yi cak, ba ya rawa. Hannunka ne. Kuma da Mariama ta ce ina wuni Yaya, ka yi sauri ka juya wayar tana kallon bango, amma mun ji ka ce lafiya lau, Mariama, ya aiki.

Har yanzu tana da lambarka. Ta ce duk Juma'a za ta kira, na ce mata za ka ɗauka.

Ka zo tarye na da mota mai buɗaɗɗen baya, kayan da ta haɗo muku da yawa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Ummulkhairi.