Katin da ke Aljihun Kawu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, ta daina kumburin?

Yau kwana biyar da kwantar da Tela a asibiti. Ni da ke mun san yayanmu ya shekara uku yana shan maganin ƙanjamau, yana taka keken ɗinkinsa lafiya lau. Ashe wata takwas ke nan da Kawu ya sa shi ya daina. Wai ya yi ƙiba, ai ya warke, kuma wani abokin Kawu ya hango shi a layin karɓar magani. Kin ji babban laifin.

Ranar da muka kai shi, likita ta tambaya ko akwai cutar da yake shan magani a kanta. Tari ya hana Tela magana. Na buɗe baki, Kawu ya ɗaga mini hannu, wai shi ne babba, shi zai amsa. Ya gyara murya ya ce zazzaɓi ne kawai, gidanmu ba a san wata cuta ba. Katin maganin Tela kuwa yana aljihunsa, ina ganin gefensa. Ni ma na yi shiru, Yaya. Ban yafe wa kaina ba.

Kwana huɗu ana ƙara masa ruwa ana neman zazzaɓi. Kawu ya mamaye kujera ɗaya tilo da ke gefen gado, yana karɓar 'yan dubiya kamar shi ya gina ɗakin, matar Tela tana tsaye da kwanon tofa majina. Jiya Kawu ya rataye rigarsa ya shiga bayi, na zare katin na kai wa likita. Ta karanta, ta ce: "Sai yanzu?"

Kawu ya ce ni likitan jarida ne, na koyi karatu a takardar ƙunshe kaya na zo ina tona asirin gida. Na ce masa gara jaridar, ita ba ta taɓa hana kowa magani ba.

Ki sa Tela a addu'a. Ki gaishe da yara.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyyar rasuwar Tela. Ya haƙuri? Ki daure ki riƙa cin abinci.

Kin tambayi abin da likita ta ce. Ta ce waɗanda suke rasuwa a ɗakin da aka kwantar da shi galibi iri ɗaya ne: an kawo su a makare, sun yanke magani, tarin fuka ya kama su, jini ya yi ƙasa. Tela ya haɗa duka. Tarin nan yana da magani, kwanakin da aka ɓata ne ba su da shi.

Kawu kuwa ya fi kowa share ido da gefen riga. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa zazzaɓi ne, kwana ne ya ƙare. Mutuncin gida ya tsira, Yaya, mutum ɗaya kawai aka yi asara.

Matar Tela ta yi mako uku tana tari. Ita ma tana da nata katin, kuma shekaranjiya Kawu ya ce ta kawo ya adana mata. Ta ce ya ɓata. Ashe a aljihun keken ɗinkin ta ɓoye shi, ƙarƙashin zare.

Yau da safe na raka ta wurin likitar nan. Aka yi mata tambayar da aka yi wa Tela. Da hannunta ta ɗora katin a kan tebur. Tarin fuka ne, amma likita ta ce da ƙafarta ta shigo, da ƙafarta za ta koma gida.

Kawu ya aiko wai in zo in durƙusa in ba shi haƙuri. Na ce a gaya masa ba ni da lokaci, muna layin karɓar magani. In ya so, ya turo abokin nan nasa ya zo ya gani da kyau.

Allah ya jiƙan Tela, ya bar mana ke.

Ƙaninki,
Auta