Muryata a Wuyan Alhaji Zakir

Nguru,
Lahadi, bayan La'asar.

Zuwa ga Suhaibuna, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake fakewa in rana ta take, farin badon da ya buɗe shi kaɗai a tafkin zuciyata. Zuwa ga wanda na zaɓa da idona biyu a buɗe, wanda kuma yau nake ji kamar in shaƙe shi da hannuna biyu, in ya suma in yayyafa masa ruwa, in ya farfaɗo in sake. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ina kuma yi wa ƙafafunka addu'a ta musamman, don akwai inda zan aike su.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na ga kiranka ashirin da bakwai ban ɗaga ba, kuma ba zan aiko maka da saƙon murya ba, muryata ta yi yawon da ya ishe ta a garin Gashuwa. Ƙanwata Saudatu ce za ta miƙa maka wannan hannu da hannu. In ka ga dama ita ma ka kai ta teburin mai shayi a karanta wa jama'a, ai ka saba.

Ya hasken safiyata, ka tuna ranar da ka zo da labarin an buɗe ɗaukar aikin ɗamara, ka ce akwai gwajin gudu, ka ce wannan karon ko ƙasa da sama za su haɗe sai ka shiga? Ka fara fita bayan sallar Asuba, daga ƙofar gidanku zuwa gada, ka tsallaka, ka dawo. Kullum ƙorafinka ɗaya: iyafis mai igiya yana zamewa in gumi ya karyo, igiyar tana harɗe maka hannu, in kuwa ba ka jin komai sai ƙarar numfashinka, ƙafa takan yi maka nauyi tun kafin ka hango ruwa. Na zura hijabi na nufi shagon Ugochinyere da ke bakin tashar jirgi, ƙawata tun muna aji uku, wadda ta san kayan waya kamar yadda Gogo da ta rene ni ta san shanunta.

Sau uku na je shagon nan, Suhaibu! Sau uku, a kan abin da wani zai ɗauka cikin minti biyu! Ta fito mini da 'yan ƙananan da ake cusawa cikin kunne kamar ƙwayar wake, na ce a'a, ɗaya zai faɗa cikin yashi ka wuni kana tono. Ta fito da babban hedifon mai rufe kunne ruf, wanda in ka sa ko ganga ake bugawa a bayanka ba za ka ji ba, ta ce shi samari ke rububi. Na ce a kai kasuwa. Ni na san titin nan, na san yadda tirelolin shanu da motocin kifi ke kwararowa da sassafe, direba bai gama wartsakewa ba, kuma ban shirya shiga takaba tun ba a shafa fatiha ba. Sai a zuwa na uku ta buɗe wani kwali, ta nuna mini wanda ke zagaya ƙeya ya zauna a kan ƙashin gefen kunne, ya bar kunnen a buɗe, kana jin abin da ke ciki kana kuma jin hon ɗin mota. Gumi ba ya ɓata shi, ga memorinsa a jikinsa, ba sai ka ɗauki waya ba. Na sa shi a ƙarƙashin hijabi, na shige bayan kanta na yi ta tsalle kamar 'yar akuya don in ga ko zai faɗo, Ugochinyere tana dariya har da riƙe ciki. Bai faɗo ba. Na ce wannan shi ne na Suhaibu.

Da na tsaya nan da na huta. Amma wa ya taɓa ganin mai so ta tsaya inda hankali ya ce ta tsaya? Na ce waƙar wani ba za ta raka mini kai gada ba, ni zan raka ka. Kwana bakwai ina shiga ɗakin ajiya da tsakar rana in gida ya yi shiru, in zauna tsakanin buhunan gero ina naɗar muryata, zufa tana bin bayana. Zakara ya yi cara, in goge in sake. Na auna hanyarka da agogo kamar yadda ka kwatanta mini: addu'ar fita daga gida a farko, hira a tsakiya, sannan daidai inda ka ce numfashi ke yanke maka a dawowa, na sa muryata tana cewa ɗaga ƙafa, ɗan maraƙina, saura kaɗan. Na ƙarshen kuwa, wanda na ajiye maka don lokacin da ka tsaya kana haki, ba zan rubuta shi a nan ba. Magana ce da ko madubi ban taɓa gaya wa ba.

Ka tuna yammacin da na ba ka shi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu? Ka sa, ka danna, na ga fuskarka ta canja, idonka ya kawo ruwa, ka juya mini baya wai ƙwaro ne ya faɗa maka. Ka rantse ba abin da zai raba shi da wuyanka sai alwala. Wayyo ni Fatimatuzzahra! Na yarda, na koma cikin gida ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata, ba zan ƙaryata ba ko da ina cikin fushi. Ka gama gudu, ka zauna a bencin Hamajoɗa mai shayi, ka sa a haɗa maka neskafe baƙi ƙirin, ba madara ba sukari, wai kai ɗan birni, alhali na san ɗaci yake maka. Ni kuma ina nan da gahawar Gogo mai citta da kanumfari, wadda kake ce wa jiƙo. Kana kurɓa kana matsawa gefe kana aiko mini da saƙon murya, duk abin da aka tattauna a majalisa sai ya iso Nguru kafin gahawata ta huce: wa zai sauya sheƙa, wa aka hana tikiti, da ramukan hanyar Jajimaji da ake cikewa da baki duk shekarar zaɓe. Wa ka fi kwaikwayo a ciki? Tarin wa kake yi mini, wanda ka ce yakan yi kafin kowace ƙarya? Alhaji Zakir, tsohon kansilanku, mai jam'iyya uku cikin shekara biyar, wanda ka ce ya haƙa rijiyar burtsatse a unguwarku ta ba da ruwa rana ɗaya tak, ranar da aka zo ɗaukar hoto. Ka ce hularsa ta fi kansa amfani. Na yi dariya har gahawa ta sarƙe ni.

Shi ka ba! Duk mutanen da Allah ya halitta tsakanin Nguru da Gashuwa, shi ka cire abina daga wuyanka ka miƙa wa da hannu biyu! Na karanta uzurin da ka rubuto, sau huɗu na karanta ko zan sami inda zan tausaya maka. Wai ya zo shan shayi ya ga abin a wuyanka, ya ce likita ya umarce shi da tattaki, ya yaba, kuma in babba ya yaba abin hannunka ba ka da ta cewa sai naka ne, ranka ya daɗe. Wai shi ke riƙe da guraben aikin da aka ba mazaɓarku, ya yi maka alkawarin sa sunanka. Wai ka manta da abin da ke ciki. Ka manta? Muryar da ta raka ka safiya arba'in da ɗaya, ita ka manta? Al'adar nan ni ma na san ta, a gidanmu an sha ba da riga da agogo har da tunkiya don babba ya yaba. Ban taɓa jin an ba da sirrin mace ba.

Kana zaune aka yi sauran, amma zan faɗa don ka ji yadda ya iso mini. Alhaji ya sa, ya danna, ya fashe da dariya, ya miƙa wa na kusa, na kusa ya miƙa wa na gaba, abin da na zaɓa wa kanka shi kaɗai ya zaga kawuna goma sha. Washegari direbansa ya zuƙe komai zuwa waya, aka haɗa da sifikar Hamajoɗa, aka kunna tun daga addu'a har na ƙarshe. Har na ƙarshe, Suhaibu! Yayana Abbo yana wurin, ya kai shanu kasuwa ya tsaya karyawa. Tun kalmar farko ya gane muryar ƙanwarsa, ya ajiye shayinsa a cike ya tashi. Kai kuwa an ce ka sunkuyar da kai kana yaƙe, kana ta juya cokali a neskafen da ba shi da sukari. Yanzu masu adaidaita a Gashuwa in za su wuce juna sai ka ji ana ɗaga ƙafa ɗan maraƙina. A makarantar da nake koyarwa malamai maza shiru suke yi in na shiga ofis. Gogo ta kwana biyu ba ta dubi idona ba.

Abbo ya ce a haɗa kayan sa ranarka a mayar Gashuwa a bayan motar shanu. Ni na tsaya a bakin ƙofar ɗaki na roƙe shi ya ba ni zuwa Juma'a. Ni da aka tozarta, ni ke roƙo a madadinka! Wannan wane irin ciwo ne Allah ya ɗora mini? Haushinka nake ji kamar in haɗiyi zuciya, amma in na ji takun mai gudu a titi sai in leƙa ta taga. Ina so ka wulaƙanta kamar yadda na wulaƙanta, ina kuma so ya zama ni ce zan goge maka fuska in an gama. Duka biyun gaskiya ne, kuma na daina ƙoƙarin raba su.

To saurara, ya abin ƙaunata, tunda a buɗe na bar maka kunnenka. Saƙonninka ɗari da goma sha huɗu suna nan a wayata, ban goge ko ɗaya ba. Da so na adana su, ashe makami nake tarawa. Talatin da shida a kan Alhaji Zakir suke. Na ware su, na jera su, na rijiyar a farko, na hular a tsakiya, tarin a ƙarshe, ka dai san na iya auna hanya. Abbo ya riga ya yi magana da mai tallan maganin shanu zai ara masa babbar sifikarsa, abin da ya rage kawai in tura masa. Sau nawa nake lumshe ido in hango wurin! Benci a cike, tururi na tashi, Alhaji da hedifon ɗina a wuya, sai ga tarinsa yana fitowa daga sifika da muryarka. Ina ganin biro yana bi ta kan sunanka. Wallahi daɗi nake ji, Allah ya yafe mini.

Ƙofa ɗaya na bar maka. Ranar Alhamis da safe ka fita gudunka kamar kullum, kunne wayam, ba mai raka ka. Ka dawo teburin Hamajoɗa a lokacin da ya fi cika, ba bayan an watse ba, ba kuma gida za ka bi mutumin a ɓoye ba. Ka tsaya a gaban Alhaji da guminka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce ya ba ka abinka. Ka faɗa, da irin muryar da kake caccakar 'yan siyasa da ita, cewa muryar da aka yi wa dariya ta matar da za ka aura ce, kai ka ci amanarta, kuma duk wanda ya sake maimaita kalmar nan da kai yake yi. Na san abin da ya bazu a wayoyin mutane ba ya tattaruwa. Tsayuwarka nake nema, a daidai wurin da ka sunkuya. Abbo zai zauna a ƙarshen benci da shayinsa, shi zai kawo mini labari.

Na san abin da ke ranka. Alhaji ba zai yafe a karɓe masa kyauta a bainar jama'a ba, sunanka zai fita daga jerinsa. Gaskiya ne, zai fita. Ko ya fita ta bakinka ranar Alhamis, ko ya fita ta wayata ranar Juma'a. Na duba ta kowace hanya, gurbin nan ya riga ya tafi, angona, ni kaɗai na rage maka ka riƙe ko ka saka. Gwajin gudu kuwa yana nan ga mai ƙafa, ka je ka shiga layi kamar sauran 'ya'yan mutane. In an ɗauke ka, alhamdu lillahi. In ba a ɗauke ka ba, fadamar babanka a Katuzu ba ta gudu ba, ni kuma na iya cin shinkafar da mijina ya noma.

In ka karɓo shi kada ka sa a kanka. Ka wanke shi, ka hau mota ka kawo mini Nguru, in goge duk abin da ke ciki in mayar maka da shi fanko. Ba za ka ƙara jin muryata a cikin na'ura ba har abada, wannan hukuncin ba shi da ɗaukaka ƙara. Maganar nan ta ƙarshe da aka kunna wa masu shan shayi ta mutu, sun kashe ta da dariya. Ina da wata da ta fi ta, ban naɗa ba, ban rubuta ba, tana nan a ƙirjina, sai a ɗakinka, daga bakina, kunne ɗaya ne zai ji ta. Ka zo ka nema in kana da ƙafa.

Ban so wani kafin kai ba, ba zan so wani bayanka ba, ko ka tsaya ranar Alhamis ko ka sunkuya. In ka tsaya, zan so ka a ɗakinka har tsufa. In ka sunkuya, zan so ka daga nan Nguru, in tura wa Abbo saƙonnin ina hawaye, amma wallahi sai na tura.

Taka har ƙasa ta rufe idona,
mai riƙe da amanar muryarka zuwa Juma'a,
Fatimatuzzahra.