Tayoyi Huɗu da Brenya Bai Ɗaura Ba

Zuwa ga Kawu Amankwa, mai Filin Matuƙa Mota,

Ina neman taimakonka a kan wata magana ta taya, kuma ina roƙon ka yi haƙuri da tsawon bayanina.

Ranar Asabar, 9 ga Maris, 2024, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, ɗana Brenya ya faɗi a filin ƙwallon unguwarmu ta Kwadaso, a nan Kumasi. Babu wanda ya taɓa shi. Kafin a isa asibiti da shi ya cika. Likita ya ce zuciya ce. Shekarunsa ashirin da tara, injiniyan lantarki ne, bai yi aure ba. Da yake shi ne na farko da muka rasa a cikin 'ya'yanmu, aka yi mana yadda ake yi a al'adarmu: aka sa mu fararen kaya ni da mahaifiyarsa Dufie, aka hana mu kuka, aka sa mana abinci a gaba a kan lallai sai mun ci, don kada mutuwa ta ga wurin zama a gidan. Na bi wannan ƙa'ida ba tare da gardama ba. Har yau ina bin ta.

Ranar Talatar da ta biyo baya, ana tsakiyar karɓar gaisuwa, wani dillali daga kasuwar kayan mota ta Suame ya sauke tayoyi huɗu sababbi a ƙofar gidana. Brenya ne ya yi odarsu tun kafin rasuwarsa. Suna gareji har yanzu, a cikin ledarsu.

Motar tsohuwar Corolla ce da na ba shi lokacin da na bar koyarwa a jami'a. Tayar da kamfani ya sa mata 195/65 ce, a kan rim, wato ƙarfen da taya take hawa, mai inci goma sha biyar. Shi kuma ya sayo 195/50, wato mai siririn gefe, da niyyar ɗaura ta a kan rim ɗin na asali. Mun daɗe muna jayayya a kan wannan. Yakan ce, “Farfesa, motar nan taka kamar ta sa takalmin shiga gonar koko. Bari in saya mata na zuwa biki.” Nakan ce masa titin Kumasi ba wurin biki ba ne. Sai ya ce, “To ai shi ya sa kai ba a gayyatarka.” A nan maganar takan tsaya, don mahaifiyarsa takan kore mu daga teburin cin abinci.

Na yi lissafin. Motar za ta sauka ƙasa da kusan santimita uku. Allurar gudu za ta riƙa nuna fiye da gaskiya da kusan kashi ɗaya cikin goma. Na maimaita lissafin ya fi a ƙirga, amsar ba ta sauya ba.

Da a ce motar za ta ci gaba da zama a gareji, da ban dame ka ba. Amma a wajenmu gado ta ɗakin uwa yake bi, don haka a zaman kwana arba'in dangin mahaifiyarsa suka naɗa ƙanwarsa Afrakoma magajiyarsa, motar ta zama tata. Ungozoma ce, kuma an tura ta wani ƙaramin asibiti a bayan garin Ejura, inda kwalta take ƙarewa tun kafin a kai rabin hanya. A wata mai zuwa, bayan addu'ar cika shekara, za ta tafi da motar. Tayoyin da ke jiki sun suɗe, dole a sauya su.

Dufie ta ce na Brenya za a ɗaura. Ta ce wannan ne abu na ƙarshe da yaron ya so, kuma ita an hana ta hawaye, ba za a hana ta wannan ba. Na kawo mata takarda na zana mata da'ira biyu, babba da ƙarama. Ta dube ni ta ce, “Malam, ɗanka ya mutu kana yi mini darasi.” Tun daga ranar ba mu sake tayar da maganar ba, kuma ba ma tayar da wata maganar sosai.

Yayanta Opanin Frimpong, wanda shi ne babban danginsu, ya goyi bayanta. Ya ce mini, cikin ladabi, “Suruki, kai ka sayi akwatin gawa, ka yi naka. Kayan yaro namu ne.” Gaskiya ya faɗa. Ba ni da hurumi a kan motar.

Ban san ko tsoro ne yake sa ni ƙara girman haɗarin ba. Ɗiya ɗaya ta rage mini. Ban kuma san ko ina ƙin tayoyin ne don in ci gardamar da mai ita ba ya nan ba. Tambayata ita ce: za a iya ɗaura wannan taya a kan wannan rim, a bi wannan hanya lafiya?

Ban buɗe ledar ba. Ban tayar da motar ba tun da abokansa suka dawo da ita daga filin ƙwallo. Kujerar direba tana nan yadda ya ja ta baya, ban matsar da ita ba.

Wani uba, Kwadaso.

*

Ranka ya daɗe,

Allah ya ba ku haƙuri, kai da Maame Dufie.

Lissafinka daidai ne, ba tsoro ba ne. Tayar za ta hau rim ɗin ba tare da matsala ba, amma hawa daban, aiki daban. Akwai ma abin da ba ka ambata ba: ka duba lambar nauyin da ke jikinta. Taya mai wannan girma yawanci ba ta ɗaukar nauyin da ta asali take ɗauka, kuma motar ungozoma a ƙauye ba ta tafiya babu kaya. Yau mai naƙuda ce da 'yan rakiya uku, gobe buhun doya. Siririn gefe ba ya shanye rami: ko tayar ta kumbura ta fashe, ko rim ya lanƙwashe, ko cikin motar ya daki dutse man inji ya tsiyaye. A bayan Ejura kuma ba kowane mai faci ne yake ajiye irinta ba. Kada Afrakoma ta tafi da su.

Amma matarka ma ba ta yi kuskure ba. Kai ka amsa tambayar hanya, ita kuwa ba hanya take tambaya ba. An hana ta abin da kowace uwa take yi, sai ta sami abu ɗaya da za ta iya yi wa ɗanta da hannunta. Da'ira biyu a takarda ba za su karɓe wannan daga gare ta ba.

Ga shawarata. Ranar cika shekara, bayan an fito daga coci, a ɗaura tayoyin Brenya. A wanke motar. Ka tuƙa da kanka, Maame Dufie a gefenka, a hankali, a kan kwalta, ku zaga unguwa har filin ƙwallon, abokansa su ga motar da takalminta na biki. Mutum biyu a cikin gari, na yini ɗaya, babu haɗari a ciki. Washegari a cire su, a mayar wa dillalin a yi musaya da 195/65. Idan ana son ɗan abin da yaron ya so ya zauna a jikin motar, 205/60 tana hawa wannan rim, gefenta ya ɗan fi siranta, tsayinta kuma kusan ɗaya ne da na asali.

Kada ka kai wa Opanin Frimpong wannan magana da kanka, ya riga ya gaya maka matsayinka. Na lura a duk wasiƙarka kowa ya yi magana ban da mai motar. Afrakoma ce magajiya, ita ta san hanyar, kuma kawunta ba zai ƙi jin ta ba. Ka kira ta. Matarka kuwa, ka bar takarda a ɗaki, ka gaya mata abin da ka gaya mini: ɗiya ɗaya ta rage maka.

Kujerar kuma, ranka ya daɗe, ba za ka kai ga birki ba sai ka matsar da ita. Ka yi hakan kai kaɗai a gareji, kafin ranar, ka rufe ƙofa. Dattawan da suka kafa dokar hana kuka ba su ce za su biyo ka can ba.

Allah ya kai Afrakoma lafiya, ya sanyaya zukatanku.

Kawu Amankwa